Idan Sabis Ya Ɗauke a Ƙasar Gumel, Da Me Za a Yi Magana?

A watan Nuwamba na 2019, kusan wata uku da rufe iyakokin Najeriya na tudu, Hukumar Kwastan ta hana sauke mai a duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. 'Yan fasa-ƙwauri aka nufa da dokar. Ba a jima ba sai ga ƙungiyar kamfanonin waya, ALTON, ta kai kuka gaban hukumar sadarwa ta NCC, tana cewa ƙarafan sabis na garuruwan iyaka da man dizal suke rayuwa, in tankar mai ba ta isa gare su ba janareta zai mutu, waya kuma ta yi shiru. Maigatari a bakin iyakar take. Wanda ya taɓa shiga kasuwarta ranar Alhamis, ya ga yadda dillalan shanu da raƙuma ke ciniki waya manne a kunne, ya san ba ƙaramin abu ake magana a kai ba.

Sai dai ɗan kasuwa in ya rasa sabis riba ya rasa. Akwai waɗanda in sun rasa shi rai ake rasawa: baturen 'yan sanda, jami'in da ke tsaron ƙofar iyaka, ungozomar asibitin ƙauye da haihuwa ta zo mata da gardama tsakar dare tana neman mota daga Gumel, ma'aikacin tashar wuta da ke jiran a ce masa ya saki layi ko ya riƙe. Su waɗannan, idan hanyar farko ta toshe, ina ta biyu? Tambayar ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba, kuma abin mamaki, amsar da ake da ita jiya ta fi ta yau ƙwari ta wasu fuskoki.

Masarautar Gumel ta tashi ne a tsakiyar maƙwabta masu ƙarfi. Ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno take bi. A 1845 aka dawo da gadon sarauta daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar, zuwa Gumel, kuma shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da Haɗeja da hare-haren Damagaram. A irin wannan zama, labarin da ya makara da rabin yini yana iya zama sanadin kwashe gari guda. Akwai manzo a kan doki, akwai ɗan aike mai gudun ƙasa, akwai ganga da kuge na tara jama'a, akwai mai shela da ke bin unguwanni da yekuwa. Kowanne da rauninsa. Doki yana gajiya, ana iya tare mahayi a hanya, iska tana juya amon ganga ta kai shi inda ba a nufa ba. Amma abin da zai kayar da ɗaya ba shi zai kayar da ɗayan ba, kuma nan ne ƙarfin tsarin yake. Hatta saƙon nesa yana isowa, ko da ya daɗe. A Gumel ne, cikin Maris na 1851, wasiƙun Turai suka riski matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, bayan sun ratso Sahara a hannun fatake.

Turawa sun karɓi mubaya'ar Sarki Ahmadu a 1903, aka sa Gumel cikin lardin Kano. Da su wayar tangaraho ta zo Arewa, amma wayar da ta fi shafar wannan yanki ta jirgin ƙasa ce. Dogo ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kammala reshen Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori yana kwasar gyaɗa. Layi ɗaya ne tal, jirgin da ke zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi. Saboda haka aka ja waya a gefen dogo daga tasha zuwa tasha, kuma shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai ya ji daga bakin na gaba cewa hanya a buɗe take.

Abin da ya fi burge ni a ƙa'idar jirgin ƙasa ta Ingila, wadda aka gina tamu a kanta, shi ne tun farko ta ɗauka cewa wayar nan wata rana za ta tsinke. Guguwar farkon damina za ta kayar da turke, ko tsawa ta ƙona na'ura. Sai aka rubuta abin da za a yi ranar, ba a bar wa kowa ya yi ƙiyasi ba. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce a naɗa mutum guda, sananne, a ce babu jirgin da zai shiga tsakanin tashoshin nan biyu sai da izininsa ido da ido, yawanci ma yana cikin jirgin. Tunda shi kaɗai ne, ba zai kasance a wuri biyu lokaci ɗaya ba, don haka jirage biyu ba za su yi karo ba. Tafiya za ta yi nawa, fasinja za su yi gunaguni, amma aiki bai tsaya ba, kuma ba a ɗora ran jama'a a kan "wataƙila" ba.

A gefen mulki kuwa, En'e ba ta yar da tsohuwar hanya don sabuwa ta zo ba. Saƙo yana sauka ta waya a inda waya ta kai, daga nan masinja ya ɗauka a doki, daga baya a keke, ya kai wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira masu unguwa. Mutumin Ɗanzomo ko na wani ƙauyen Sule Tankarkar da bai taɓa ganin kan waya ba, umarnin da aka buga daga Kano yana riskarsa ta wannan tsani.

Wayar tarho ba ta taɓa wadatar ƙasar nan ba. Lokacin samun 'yanci a 1960, layukan da ke Najeriya duka 18,724 ne. Aka yi zamanin P&T, aka haɗa ta da NET aka haifi NITEL a 1985, amma har zuwa shekara ta 2000 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga mutane sama da miliyan 100, yawancinsu kuma a manyan birane. Wannan ƙarancin shi ya tilasta wa hukumomi su riƙe tasu hanyar. 'Yan sanda suna da wayar iska, da ɗakin rediyo da ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai karɓar sigina da aika ta, yana rubuta kowacce a littafi da lokacinta. Sauran ma'aikatun gwamnati ma sukan ari wannan hanya idan saƙo na gaggawa ne. Rediyon gajeren zango ba ya bukatar turke a tsakani ko kaɗan: muryar sama take tafiya ta dawo ƙasa ɗaruruwan kilomita daga inda ta tashi. Akwai shashshaka, akwai lokutan yini da ba a ji sosai, sai an maimaita magana sau biyu sau uku. Amma batir da eriya kawai yake nema, babu kamfanin da zai yanke shi don ba a biya kuɗin wata ba.

Talaka shi ma ya san yadda yake yi. Direban motar Kano yana tafe da wasiƙu cike da aljihun gaban mota. Wanda ba ya rubutu sai ya ɗauki muryarsa a kaset, ya gaishe da kowa da sunansa, ya faɗi wanda ya rasu da wadda ta haihu, a ba alhaji ko ɗan ci-rani ya kai. Rasuwar babban mutum kuwa a Rediyon Kaduna ake jin sanarwarta.

Sai 2001. A watan Janairu NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ta biyo baya a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Sabis bai iso karkarar Jigawa rana ɗaya ba. An yi shekarun da ake hawa tudu ko a tsaya ƙarƙashin wata sananniyar bishiya don nan ne yake kamawa, an yi zamanin masu laima da tebur da ake biya a buga kira. Manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa sun cike giɓin da Turaya, wayar tauraron ɗan'adam ta wani kamfanin Daular Larabawa da ta fara aiki a shekarar 2001 ɗin. Gwamnatin Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, ta zuba kuɗi a harkar sadarwa ta kamfanin Galaxy, a lokacin da wasu ke ganin jihar da ke neman ruwan sha ba ta kai nan ba. Ko me mutum zai ce game da yadda abin ya ƙare, tunanin cewa jiha ta mallaki hanyar sadarwa tata ba shirme ba ne.

Babu mai hankalin da zai yi kewar zamanin layin NITEL. Wayar salula ta yi wa mutanen karkara abin da gwamnatoci suka kasa yi cikin shekara 40. Illarta ɗaya ce, kuma ba ta fito fili da wuri ba: ta yi daɗi har ta cinye sauran hanyoyin. Me zai sa a gyara rediyon ofis alhali kowane ma'aikaci yana da waya a aljihu, kuma shi ke sa mata kati da kuɗinsa? NITEL ta durƙushe, aka sayar wa Transcorp a 2006, aka ƙwace a 2009, daga ƙarshe aka yi gwanjon abin da ya rage. Jirgin Nguru ya ja baya. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a kashe hanya ta biyu. Kowa dai ya daina ciyar da ita.

Da aka fara ganin halin sabis, sai jama'a suka ƙirƙiro nasu maganin: waya mai layi biyu, ko wayoyi biyu, in wannan ya ƙi a gwada wancan. Maganin yana aiki idan matsalar cunkoso ce. Amma a 2014 kamfanonin suka sayar da ƙarafansu: MTN ta miƙa kimanin 9,000 ga kamfanin IHS, Etisalat ta ba ta sama da 2,000, Airtel ta sayar da kusan 4,800 ga American Tower. Hikimar ita ce kamfanoni da yawa su rataya eriyarsu a ƙarfe ɗaya, su raba kuɗin janareta da mai gadi. Ta fuskar kasuwanci babu laifi. Ta fuskar mai neman mafita ranar wahala kuwa, layi biyu a kan ƙarfe ɗaya guga biyu ne a rijiya ɗaya. In an sace batir, ko mai ya ƙare, ko katafilar masu aikin hanya ta tsinke wayar fayibar da ke ƙarƙashin ƙasa, duka tare suke tafiya.

Arewa ta ɗanɗana wannan ta hanyoyi masu ɗaci. A Satumba na 2012 Boko Haram ta bi ƙarafan sabis tana ƙonawa a Kano da Maiduguri da Potiskum da wasu garuruwa. A Mayu na 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, gwamnati da kanta ta kashe sabis a Barno da Yobe da Adamawa. Wata guda bayan haka sojoji suka haramta Turaya a Barno, wato aka rufe ƙofa aka kuma toshe taga. A Satumba na 2021 aka maimaita a Zamfara baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da 14 na Sakkwato, da wani sashe na Kaduna. Jigawa ba ta shiga ciki ba, alhamdu lillahi, amma Yobe maƙwabciya ce, Katsina ma haka. Abin da ya faru can darasi ne a bayyane. Mutane suka koma ba direbobi wasiƙa kamar shekara 30 baya, wasu suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa wata jiha don kiran minti biyu. Ƙauyen da aka tasar wa ba shi da yadda zai nemi ɗauki. Waɗanda ba su rasa bakin magana ba su ne sojoji masu rediyonsu, da 'yan bindigar da suka nemi oba-oba ko suka koma kan layin Nijar.

Layin Nijar ɗin nan shi ne hanya ta biyu ta gaskiya da mutanen bakin iyaka suke da ita, kuma ba wata hukuma ce ta tsara musu ba. Sabis bai san shingen kwastan ba. Daga Maigatari da ƙauyukan da ke kusa da ita waya takan kamo Airtel ta Nijar, ko Moov, ko Zamani wadda a da ake kira Orange. Ƙarafansu daban, hukumar da ke iko da su daban, umarnin Abuja ba ya kashe su. Mai hulɗa da Dungas da Magarya da Damagaram dama yana riƙe da shi don sauƙin kira. Sai dai kiran Najeriya da shi kiran ƙasar waje ne, da tsadarsa, kuma ko ofishin gwamnati ba zai rubuta shi cikin tsarinsa ba. Sannan in aka bi jijiyar, ba a rabe take sarai ba: wutar Maraɗi da Damagaram daga Najeriya take shiga, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta aka kuma rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, an ga yadda siyasa kan taɓa ɓangarorin biyu lokaci guda.

Shekarar 2024 ta ƙara tona asiri. Ranar 28 ga Fabrairu tsinkewar fayiba ta jefa miliyoyin masu MTN cikin shiru na sa'o'i. Ranar 14 ga Maris manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni, bankuna suka rikice. Wani zai ce ina ruwan kiran Gumel zuwa Gagarawa da teku? Ruwansa shi ne aikin hukumomi da yawa yanzu ya koma zauren WhatsApp: nan ake tura rahoto, nan ake ba da umarni da saƙon murya. Saƙon da zai je ƙauyen da ke kilomita 15 sai ya fita ƙasar ya dawo. A watan Oktoba kuma layukan wuta da ke ciyar da Arewa suka faɗi, aka yi sama da mako cikin duhu; ko inda ƙarfen sabis ke tsaye da janaretansa, wayar aljihu sai an kai ta wurin mai caji an bi layi.

Akwai masu sana'ar da ba su yarda sun saki tsohuwar tarbiyya ba, kuma suna wucewa ta saman ƙasar Gumel kullum. Jiragen sama sun fara sauka Kano tun 1925, kuma har yau daga Kano ake kula da sararin samaniyar Arewa, kafin a miƙa jirgi ga masu kula da na Nijar. Jami'in da ke magana da matuƙi yana da na'urar farko da ta jiran ko-ta-kwana. Idan zangon da suke kai ya ƙi, akwai wani da aka riga aka sanar. Akwai zangon 121.5 na gaggawa da kowa ya haddace. Akwai gajeren zango don inda rediyon da aka saba, na VHF, ba ya kaiwa. Akwai roƙon wani jirgin da ke kusa ya isar da saƙo. A sassan Afirka da aka san rediyon ƙasa yana da giɓi, matuƙa kan riƙa shelanta wa junansu inda suke da tsayin da suke kai a kan zangon 126.9, ba su jira kowa ba. Idan rediyon jirgi ya mutu ɗungurungum, matuƙi zai danna 7600 a na'urar da ke nuna shi a allon masu kula, su gane kurma ne yau, su share masa hanya. In ya iso, daga hasumiya a haska masa fitila, kore tsayayye ya sauka, ja tsayayye ya ci gaba da kewaya. Ba don na'urorinsu ba sa lalacewa ba ne. Matuƙa sun sha kokawa da rediyon sararin Najeriya. Bambancin shi ne an jera matakan tun kafin ranar, ana kuma jarraba mutum a kansu kafin a ba shi lasisi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu wutar lantarki ma suna da irin tasu. Tun da daɗewa ake ɗora murya a kan manyan wayoyin wuta su kansu, ta yadda ma'aikacin tasha irin ta Gagarawa zai yi magana da cibiyar da ke sama da shi ba tare da ya bi ta kamfanin waya ba. Dabara ce mai kyau, sai dai in turken wutar ne ya faɗi, da muryar yake faɗuwa, kuma a daidai lokacin ne aka fi bukatar magana don a ta da layi.

Abin da aka kawo wa sauran jama'a a 'yan shekarun nan shi ne lambar gaggawa ta 112. Tana da amfani, domin an tsara waya ta nemi duk kamfanin da ke kusa don irin wannan kira. Amma a kan ƙarfen sabis take hawa, inda babu ko ɗaya babu ita. Starlink ta shigo Najeriya a Janairu na 2023, kuma ita kam ba ruwanta da ƙarfen gari ko fayibar gefen titi. Tana son wuta, tana son kuɗin wata mai nauyi, makullinta kuma yana hannun wani kamfani a Amurka. Ga babban asibiti ko ofishin iyaka ta dace. Ga ɗakin shan magani na ƙauye, da wuya.

A ganina abin da ya fi dacewa da wannan yanki tsohon abu ne. Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsun da za su tare murya, rana kuma ba a rasa ta. Oba-oba a hannu ba ya wuce 'yan kilomitoci, amma in aka ɗora na'urar da ke karɓar murya ta sake cilla ta a kan dogon ƙarfe, da farantin sola da batir nata na kanta, tazarar takan kai gomman kilomita. Kaɗan daga cikinsu za su haɗa asibitoci da motocinsu da ofisoshin ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel, kuma magana ɗaya kowa zai ji ta lokaci guda, abin da kiran waya ba ya yi. Akwai wahalhalu na gaske. Sai an nemi lasisin zango daga hukuma. Duk mai irin na'urar zai iya saurare, don haka ba a faɗin sunan mara lafiya a kai. Tun da 'yan bindiga suka ɓata wa oba-oba suna, direban motar asibiti da aka tsayar da shi a shinge da dare yana bukatar takardar da za ta wanke shi.

Sayen kayan shi ne mafi sauƙi, don kwangila ce, kuma ba a rasa mai son kwangila. Inda irin wannan shiri kan mutu shi ne shekara ta biyu, lokacin da batir ya fara kumbura, aka yi wa wanda ya iya aikin canjin wuri, ba a kuma ware ko sisi a kasafi don gyara ba. Tsohon ɗakin rediyon 'yan sanda ya rayu ne saboda akwai mutumin da albashinsa ya rataya a kansa, wanda zai kira tashoshi ɗaya bayan ɗaya ko babu labari, ya rubuta wadda ta amsa, wadda ba ta amsa ba kuma a aika a ji dalili kafin azahar.